Adaftar Inna

Malama tana durƙushe a gaban gadon Inna, rabin jikinta a ƙarƙashinsa, tana lalube da hannu ɗaya. Ta zaro takalmi wari guda, ta zaro murfin kwalbar man zafi, ta zaro wani cokali da aka daɗe ana cigiya. Abin da take nema dai babu shi.

A samanta numfashin tsohuwar yana fita da wani siririn fito. Inna surukarta ce, mahaifiyar mijinta, shekara uku ke nan tana zaune da su tun da ciwon fuka ya matsa mata. Na'urar shaƙa maganinta tana nan a kan teburin gefen gado inda take kullum, da robar da ake kifawa a hanci da baki. Abu ɗaya ne ya ɓata: baƙar adaftar da ke kai mata wuta daga bango.

"Inna, ba ki ga wanda ya taɓa ta ba?"

"Wa zai taɓa?" in ji Inna, tana yanka maganar don ta ja iska. "Ƙila... kin share ta."

Malama ta fito da kanta, ta kakkaɓe gwiwa. Ba ta yi musu ba. A gidan nan idan abu ya ɓata ita ta share shi, idan ya fashe ita ta ajiye shi ba daidai ba. Ta ɗauko ƙaramin abin fesawa ta danna wa Inna sau biyu a baki, ta ƙara mata matashi a baya, sannan ta nufi inda ta san kayan gidan suke zuwa su mutu.

Ɗakin ajiya ne a da. Mijinta ya fitar da akwatuna ya sa tebur, ya manna takarda a ƙofa ya rubuta "Ɗakin Gwaji". Ma'aikaci ne a ofishin adana takardu, aikinsa buga hatimi da jera fayil, amma tun da ya fara kallon bidiyon masu haɗa na'urori ya raɗa wa kansa Injiniya, ya kuma nace har sunan ya bi shi. A cikin shekara biyu ya ƙera fitilar da ke kunnuwa idan an tafa, wadda ba ta jin tafi sai tarin Inna. Ya ƙera ƙararrawar ƙofa da ba ta kaɗawa sai in babu kowa a waje. Kowacce kuma sai da ta ci adafta. Ta rediyon kicin ta tafi, ta injin aski ta tafi, ta fitilar da Malama ke duba takardun ɗalibai ta bi bayansu. Aikin da yake kai yanzu shi ne labulen da zai buɗe kansa idan gari ya waye. Labule! Abin da mutum zai ja da yatsa biyu yana hamma.

Warin ƙonanniyar roba ya tare ta tun daga bakin ƙofa. Ga adaftar nan a kan tebur, cikinta ya kumbure kamar mataccen kwaɗo. An datse mata wutsiya, an fere wayoyin biyu an murɗa su a jikin wani inji mai nauyi, an naɗe da shuɗin salatif. Kan da ake sokawa a jikin na'ura kuwa yana can cikin gwangwanin ƙusoshi.

Ta kira shi a waya. Yana cikin bas, tana jin ƙarar titi.

"Injiniya," ta ce, ta ja sunan yadda shi ma ya san ba yabo ba ne. "Adaftar Inna."

"Au. Aro na yi jiya da dare. Na so in mayar kafin ta buƙata."

"Ka datse ta. Ka ƙona ta."

"Datsewar ba komai ba ce, minti biyu ne da dalma. Matsalar kamfanonin nan ce, ba sa faɗin gaskiya. An rubuta bolt goma sha biyu, injina ma goma sha biyu yake so. To me zai sa ta ƙone? Ke da kike koyar da lissafi ki gaya mini."

"Inna ba ta iya numfashi."

Nan muryarsa ta sauka. Ya ce subhanallahi. Ya ce yau masu bincike za su zo ofis, ba halin ya juyo yanzu, amma ta kwantar da hankalinta, adafta ai kamar ƙasa take a wurinsu, kowace durowa da ita. Da an tashi hutun rana zai kawo. Ta kashe wayar yana tsakiyar bayani.

Da ta koma ta gaya wa Inna inda adaftar ta shiga, tsohuwar ta ɗaga hannu da ƙyar. "Kada ki... ɗaga masa hankali a wurin aiki. Auta kansa yana ja. Tun yana ƙarami... yake kwance agogo."

"Yana mayarwa, Inna?"

Inna ta yi kamar ba ta ji ba.

Malama ta buga wa maƙwabciyarsu ƙofa, wata nas da ta yi ritaya. Matar ta shigo da tabarau a goshi, ta kara kunne a bayan Inna, ta duba laɓɓanta da faratanta, sannan ta ja Malama gefe.

"Abin fesawar zai riƙe ta zuwa tsakar rana, bai wuce haka ba. Je ki nemo. Zan zauna da ita. Amma in na ga launin bakinta ya fara sauyawa ba zan jira ki ba, asibiti zan kai ta."

"Ba ni zuwa," in ji Inna daga kan gado.

"Ba tambayarki na yi ba, Yaya," in ji Nas.

Malama ta zuba na'urar da gawar adaftar da ɗan kan da aka datse a jaka. A tashar bas ta kira shugabar makarantarsu ta ce a nemi wanda zai tsare mata aji, yau ɗalibanta ke gwaji. Shugaba ta ce, "Adafta? Malama, na sha jin uzuri iri-iri, amma wannan sabo ne." Malama ta haɗiye maganar. Da wane baki za ta ce mijinta ya yanke wa mahaifiyarsa numfashi saboda labule?

Shagon kayan asibiti inda aka sayi na'urar duk gilashi ne da sanyi. Wata budurwa mai dogayen farata ta leƙa cikin jakar ba tare da ta taɓa komai ba.

"Ba ma sayar da adafta ita kaɗai. Sai dai ki ɗauki sabuwar na'ura gaba ɗaya."

"To ba ni sabuwar."

"Sun ƙare. Sai mako mai zuwa."

"Shi ne kika bari na tambaya?"

Budurwar ta ɗaga kafaɗa ta koma kan wayarta.

Bas na biyu ya sauke ta a bakin kasuwar kayan lantarki. Layi ne mai ƙunci, wayoyi na reto a sama kamar shanya, kowane shago da lasifikarsa da ke gasa da ta maƙwabci. Ba ta yi taku goma ba wani mai shago mai sarƙa a wuya ya tare ta.

"Anti, me ake nema? Caja? Batir? Adafta? Kin zo gida." Ya kalli ƙonanniyar ya yi tsaki. "Wannan ai tsohon yayi ne. Bari ki ga uwar adaftoci."

Ya fito da wata a cikin kwali mai ƙyalli, da kawuna takwas da maɓallin zaɓen ƙarfi. Ya ce tana ɗaukar komai, daga rediyo har abin da ba a ƙirƙira ba tukuna.

"Ka duba rubutun da ke jikin na'urar?" in ji Malama.

"Anti, shekara goma ina wannan sana'a. Duk adafta adafta ce."

Ya gwada kai huɗu kafin ɗaya ya shiga, shi ma sai da ya tallafe shi da yatsa. Ya kunna. Na'urar ta yi gurnani sau biyu kamar mai shirin tari, ta yi shiru. Ya sake, ta sake. Malama ta taɓa uwar adaftocin ta ji ta ɗau zafi.

"To, na'urarki ce ta mutu," ya ce, yana mayar da kayansa cikin kwali.

Malama ta dafe na'urar. "Jiya da yamma ta yi aiki."

"Haka mutuwa take, Anti. Jiya lafiya, yau babu."

Wani mai sayar da kwan fitila da ke gefe, wanda ya gama kallon wasan, ya nuna mata ƙarshen layi da haɓa. "Kai wa Baba Mai Mita, ƙarƙashin bene. In ya ce ta mutu, to ta mutu."

Wurin Baba Mai Mita ba shago ba ne, lungu ne da tebur da kujera ɗaya. Tsoho ne siriri, tabaransa an ɗaure ƙafa ɗaya da waya. Abin da ya fara tsone wa Malama ido shi ne kantar da ke bayansa: wani tsuntsun gwangwani yana ta gyaɗa kai shi kaɗai, da ɗan jirgin ƙasa da ke zagaye faranti, da ƙananan fitilu masu kiftawa bi da bi. Ga wani nan, ta ce a ranta. Wannan har ya tsufa a ciki. Can a wani gida akwai baiwar Allah da ta shekara arba'in ba ta ji rediyo ba.

Amma ba ta da zaɓi. Ta gaishe shi ta ajiye na'urar.

Ya kifa ta, ya kawo ido dab da wani ɗan rubutu da ke ƙasanta, ya bi shi da farce.

"Bolt goma sha biyu, amfiya biyu. Wancan mai sarƙar ya gwada miki tasa?"

"Ya ce na'urar ta mutu."

"Tasa ko amfiya ɗaya ba ta cika ba, komai aka rubuta a kwali. Kin ga, 'yata, abu biyu ne. Bolt shi ne ƙarfin turawa, dole ya zo daidai, ba ƙari ba ragi. Amfiya kuwa yawan abin da adafta za ta iya bayarwa ne. In ya yi yawa ba laifi, na'ura abin da take so kawai take ɗiba. In ya gaza, adafta ta yi ta nishi har ta ƙone. Ina ta asalin?"

Ta zazzage masa gawar a kan tebur. Ya juya ta, ya sansana, sannan ya tsaya a kan wayoyin da aka murɗe da guntun shuɗin salatif da ya rage a jiki. Ya ɗago tabarau ya dube ta.

"Wannan murɗin na san shi. Ba Mai Labule ba ne?"

Malama ta ji kamar an watsa mata ruwan sanyi.

"Asabar uku yana zuwa nan," in ji tsohon. "Ya kawo mini injin, na auna, na ce masa wannan amfiya biyar yake ci. Har na ware masa adafta." Ya miƙa hannu ƙarƙashin tebur ya jawo wata baƙa mai kauri, mai waya gaba da baya. "Ga ta nan. Ya ce yana da irinta a gida. Ya ce wai wani a bidiyo ya faɗa musu amfiya dabarar 'yan kasuwa ce. Ya tsaya nan inda kike yana koya mini wuta."

"Mai Labule?" in ji wani mai gyaran fanka daga shagon da ke kallonsu. "Baba, ya buɗe kuwa?"

"Ya buɗe wa na'urar marar lafiya ciki dai," in ji tsohon.

Aka kwashe da dariya har shago uku. Wani ya ce ranar nan ma ya zo neman abin da zai sa takalmi ya riƙa goge kansa. Wani ya ce a'a, ƙarya kake masa, amma ba a daɗe ba zai zo. Malama tana tsaye riƙe da jaka. Ita ta ɗauka wautar a cikin gida take, tsakaninta da bango huɗu. Ashe har suna gare ta a kasuwa.

"Ɗan'uwanki ne?" in ji mai fankar.

"Maƙwabci ne," ta ce.

Baba Mai Mita ya dube ta ta saman tabarau, bai ƙara ba. Ya jona ƙarfen narka dalma, ya datse kan sabuwar adaftar da ya ware wa Mai Labule, ya fere wayoyin a hankali. Kafin ya haɗa da ɗan kan da ta kawo sai da ya ɗora mitarsa ta auna wuta, ya duba wani zane a ƙasan na'urar, ya sake aunawa.

"Baba, sauri nake yi."

"Na sani. Amma in na juya wayoyin nan biyu, da gaske na'urar za ta mutu. Bari in ɓata miki minti ɗaya."

Hayaƙin dalma ya tashi siriri. Ya rufe mahaɗin da roba, ya soka, ya danna maɓalli. Na'urar ta ɗauka da ƙugi mai santsi, iska na fita ta bututun.

Ta biya shi. Yana naɗe mata wayar ya ce, "Ni ma shekara arba'in ina wasa da wuta, kin ga shirmena a baya. Ba laifi ba ne mutum ya yi wasa. Amma da kayansa. Ki gaya wa maƙwabcin naku."

Wayarta ta yi ƙara tana fita daga layin. Nas ce. "Kina ina? Na ba ki minti ashirin."

Ta tari tasi. A hanya ta shirya maganar da za ta yi masa, ta jera ta ɗaya bayan ɗaya kamar darasi. Za ta fara da rediyon kicin. Za ta bi ta kan Asabar uku da amfiya biyar. Sunan da kasuwa ta raɗa masa kuwa za ta ajiye shi sai ƙarshe, a gaban Inna, a gaban Nas, ta faɗe shi a hankali yadda zai zauna.

Ta tarar da Inna ta sunkuyo gaba, hannuwa a kan gwiwa, kafaɗunta na hawa da sauka. Nas ta riga ta haɗa jakar asibiti ta ajiye a bakin ƙofa. Malama ta jona, Nas ta zuba magani, aka kifa robar. Farin tururi ya cika ta. Minti biyar, fiton yana nan. Minti goma, ya fara sirancewa. Kafaɗun suka sauka kaɗan-kaɗan, tsohuwar ta jingina da matashi. Nas ta tura jakar asibitin gefe da ƙafa.

A lokacin ne aka turo ƙofa. Injiniya ne, rigar ofis ta jiƙe da gumi, da leda cike a hannu. Tsoro ne ƙarara a fuskarsa, Malama ta gani, har ta ɗan ji wani abu. Amma da ya ga tururin, ya ga Inna na numfashi, tsoron ya sauka, Injiniya ya dawo. Ya zazzage ledar a ƙarshen gado. Adaftoci ne sun kai goma, farare da baƙaƙe, wata ta firinta, wata ta tsohuwar wayar tebur, wata ma ko waya babu a jikinta.

"Na kwashe na ofis kaf," ya ce. "Dole a samu ɗaya a ciki."

Inna ta ɗaga robar daga bakinta. "Sannu, Auta. Ka sha rana. Allah ya yi maka albarka."

Ta mayar da robar. Ko kallon inda Malama take ba ta yi ba. Nas ta dubi Malama, Malama ta dubi silin. Bas biyu, tasi ɗaya, ajin da ta bari, dariyar shago uku. Albarka kuma ta tafi ga mai leda.

Shi kuwa idonsa ya riga ya bi wayar daga bango. Ya tsuguna ya ɗauki sabuwar adaftar daga kan tebur, ya auna nauyinta a tafin hannu, ya juya ta ya karanta. Malama ta ga laɓɓansa na motsi. Ta ga idonsa ya yi wani haske da ta sani sarai.

"Amfiya biyar," ya ce a hankali. Ya yi gyaran murya. "Kin gani, an cuce ki. Wannan ta fi ƙarfin na'urar Inna nesa ba kusa ba. Ɓarna ce a bar ta a nan. Idan an gama sai in duba cikin waɗannan in haɗa mata wadda ta dace da ita, ita kuma wannan sai a..."

Malama ta buɗe baki. Rediyon kicin yana kan harshenta.

Hannun Inna ya riga ta. Ya fito daga ƙarƙashin mayafi, busasshe, ya kama adaftar. Injiniya bai saki nan take ba, ita ma ba ta saki ba. Sai ya saki. Tsohuwar ta jawo ta da wayoyinta ta ɗora a cinya, ta dafe da hannu biyu, tururi na fita ta gefen robar. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma ɓata fuska ba.

"Je ka ci abinci, Auta," ta ce ta cikin robar.

Ya tsaya kaɗan kamar zai yi bayani. Sannan ya tattara adaftocin ofis ɗaya bayan ɗaya ya mayar cikin leda, ya fita. Nas ta duƙa tana gyara jakar da ba ta buƙatar gyara, kafaɗunta na girgiza saboda dariya.

Sai da maganin ya ƙare, na'urar ta fara busa iska zalla, Malama ta kashe ta ta cire wa Inna robar. Ta miƙa hannu za ta karɓi adaftar ta mayar kan tebur. Inna ba ta ba ta ba. Ta kalli ƙofa, ta saurara har ta ji ƙarar cokali daga kicin.

"'Yar nan," ta ce ƙasa-ƙasa, "ƙofar ɗakin nan tana da makulli?"

"Akwai, Inna."

"Nemo mini shi."